Wai Soulja Boy ne uban rawar intanet?

Tsohon Ɗan Rawa: Jama'a ku raba mana gardama. Jiya na kunna waƙar Crank That ta Soulja Boy, mawaƙin rap ɗin nan na Amurka, na yi tsallen nan gefe, na miƙe hannuwa kamar Superman zai tashi sama. Ɗan yayata na zaune yana kallona, buɗar bakinsa sai ya ce, "Kawu, bayan ne ya sake motsawa?" Yaron da ko cikinsa ba a yi ba a 2007! A shekarar nan mako 7 waƙar ta yi tana lamba ɗaya a jerin waƙoƙin Billboard na Amurka, mai ita yana ɗan shekara 17. Shi ya haɗa kiɗansa a kwamfuta da manhajar FL Studio, ya watsa a MySpace da YouTube, har da bidiyon koyar da rawar dalla-dalla. Duk wata gasar rawa da kuke yi a TikTok yau, shi ne ubanta.

Mai Kaset: Uba? Haba Malam. To MC Hammer da ya girgiza duniya da wandonsa mai kama da buhu tun 1990, shi kuma a kira shi me?

Tsohon Ɗan Rawa: Kaka. Ai ban ce rawa ba, rawar intanet na ce.

Mai Kaset: Ka ce uba. Uba shi ke haihuwa. A Atlanta ya tarar ana wannan kiɗan na ƙyasta yatsu, waƙar Laffy Taffy ta ƙungiyar D4L ta hau lamba ɗaya a farkon 2006, kafin kowa ya san sunansa. Riƙo aka ba shi.

'Yar Gata: Ai mai riƙo ma uba ne. Wanda ya ci da kai ya tufatar da kai fa?

Mai Kaset: Hajiya, mijin uwa daban, uba daban.

Sarkin Gardama: In maganar rawar da kowa ya kwaikwaya ce, Macarena mako 14 ta yi a lamba ɗaya a 1996. Ninki biyu ke nan.

'Yar Gata: Macarena hip hop ce? Dattawa biyu ne daga Sifaniya sanye da kwat. Kai kullum sai ka shigo da abin da ba a tambaye ka ba.

Sarkin Gardama: Ke da a makon jiya kika ce Drake ɗan Amurka ne? A Toronto aka haife shi.

'Yar Gata: Ubansa ɗan Amurka ne, je ka bincika.

Sarkin Gardama: Kun ji, mun sake komawa kan uba.

Baba Alƙalami: Ni ban ma yarda a kira abin nan waƙa ba. "Yuuu" kawai, da ƙarar tukunyar ƙarfe ana ta maimaitawa. Ina baiti? Ina hikima? Tsohon mawaƙin rap Ice-T ya faɗa a 2008 cewa yaron nan shi kaɗai ya kashe hip hop, kuma bai yi ƙarya ba.

Tsohon Ɗan Rawa: Baba, da girmanka. Mawaƙi Nas ya fitar da kundinsa Hip Hop Is Dead a Disambar 2006. Ta yaya za a kashe gawa? Kuma Crank That ta shiga takarar kyautar waƙa ta Grammy.

Baba Alƙalami: Ta ci?

Tsohon Ɗan Rawa: Kanye West ne ya ɗauka, shi kuwa ya fito ya kare yaron lokacin rigimar Ice-T.

Baba Alƙalami: Tambayata ɗaya ce, ƙanena. Ta ci?

Auta: Yaya, tsakani da Allah bayan ya daina ciwon?

Tsohon Ɗan Rawa: Kai ma na ga alama bakinku ɗaya da yaron nan.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya amince waƙar ba ta da baiti, kamar yadda Baba ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ba ta ci Grammy ba. Maganar uba ba ta tabbata ba. Batun mako 7 kuwa, ai ko hayaniya in ta yi yawa tana kaiwa nesa. Gobe da yamma zan turo mana baitocin Nas na 1994, duk mai son jin rap na gaskiya ya kasance kusa. Na rufe sharhi.