Muhawara: Abincin gida ya ishi kare kullum?

Mai karen gadi: Jama'a, ni dai na daina sayen abincin kare na buhu, kuɗin ya fi ƙarfina. Wata 4 ke nan tuwon da ya kwana da ragowar miya nake zuba wa karena, kuma lafiyarsa lau. Abincin gida ya ishi kare.

Mafarauci: Gaskiyarka. Mu da muka gaji farauta, da dussa da ƙanzo da kunu aka yi kiwon karnukanmu, kuma a guje suke kamo zomo.

Likitar dabbobi: Baba, karen farauta yana samun nama da kayan ciki a daji, wanda ke ɗaure a gida ba ya samu. Tuwo ba laifi, cikin kare yana narkar da hatsi. Miyar ce ke damuna. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko da an dafa su, kuma a hankali cutar ke taruwa. Malam, ɗaga leɓensa ka duba dasashi. In ya koɗe ya yi fari-fari, ka kai shi asibiti.

Mai karen gadi: Likita, wace miya ce babu albasa? Wato tukunya daban zan ɗora masa?

Likitar dabbobi: Ƙwarai. Shinkafa ko masara, da nama ko kifi ko ƙwai, da kabewa ko karas, da ɗan mai. Ban da maggi da barkono.

Mai kwikwiyo: Ni haka na yi, shinkafa da nama zalla, ina ganin gata nake masa. Yana wata 5 ƙafafun gaba suka fara lanƙwashewa, in ya tashi sai ya yi kuka. Raina ya ɓaci sosai da aka ce ni na jawo.

Likitar dabbobi: Sannu Hajiya. Nama yana da sinadarin fosfaras da yawa, amma kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kaɗan ne, sai jiki ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi. Dakakken ɓawon ƙwai yana cike wannan giɓin, amma na kwikwiyo sai likita ya auna. A 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Davis sun duba tsarin girkin abincin kare 200, kashi 95 cikin 100 sun rasa aƙalla sinadari ɗaya da jikin kare ke buƙata.

Mafarauci: 'Yata, wannan karnukan Amurka ne. Namu ko ƙashin kaji aka jefa musu sai su tauna su kwana lafiya.

Likitar dabbobi: Ƙashin kaji dafaffe yana tsagewa kamar tsinke, Baba, yana iya huda hanji. Sannan huhu ko hantar tunkiya mai ƙullutun ruwa, kada a ba kare ɗanye. Daga nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke kama mutanen gida.

Mafarauci: Maganar hantar na karɓa. Dussa kam ba zan bari ba.

Mai karen gadi: Na duba yanzu, dasashin ya ɗan koɗe. Gobe da sassafe zan kai shi.