Abin da aka tattauna kan kamun kifaye iri biyu, faik da wolai, a tafkunan jihar Minesota ta Amurka da lardin Ontariyo na Kanada

Na bi maganganun kowa a tattaunawar da aka yi kan yadda ake kamun waɗannan kifaye, ga abin da na tsinta:

1. Lasisi tukuna. Na Minesota ba ya aiki a Kanada, ko da tafki ɗaya ne ya ratsa iyaka. Kuma ba a shiga Ontariyo da ƙananan kifaye ko matsattsaku masu rai don koto.

2. Wolai ba ya son hasken rana. Kusan kowa ya ce asuba da goshin magariba, ko ranar hadari da iska, a saki fatsa kusa da ƙasan ruwa inda duwatsu suke.

3. Faik yana laɓewa cikin ciyawar bakin tafki. Haƙoransa kamar reza, sai an ɗaura guntuwar waya kafin ƙugiya, kada kuma a sa yatsa a bakinsa.

4. An rabu kan koto: wasu tana, wasu na roba saboda sauƙin tafiya da shi.

5. Wajen ci ma haka. Yawanci wolai suka zaɓa, ƴan kaɗan suka ce faik bai gaza ba in an iya zare ƙayarsa. Ni ina tare da su.

6. A watan Yuni, a riƙe maganin sauro.