Sauya giyar bak-aksil ta tsohuwar mota

Hirar da bakanikanmu suka yi a wani gareji a Jidda ta tsaya kan abu guda: babbar giya da ƙaramarta na cikin bak-aksil, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, tare ake sayensu, tare ake sa su. Wanda ya haɗa sabuwa da tsohuwa, kuka zai ji a bayan motar. A ƙirga haƙora tukuna: misali, in babbar na da 41, ƙaramar 11, a raba 41 da 11, ya ba da 3.73, wato juyin da ƙaramar ke yi kafin babbar ta juya sau ɗaya.

Inda aka fi daɗewa shi ne saiti. A shafa fenti a haƙora, a juya da hannu. In shaidar ta zauna tsakiyar haƙori, madalla. In ta gangara gefe, a ƙara ko a rage siraran washa. Ni ma nan na fi jin tsoron gaggawa.

A sauya boris da sil, robar da ke hana mai zuba. A sa man giya mai lamba GL-5, kuma a zubar da na farko bayan kamar kilomita 800, balle da zafin Jidda.