Jama'a, me za mu kira carbon tax da Hausa?

Dan Allah masu fassarar labarai ku zo mu tsayar da magana ɗaya, don kowace kafa da tata, wannan ya ce harajin hayaƙi wancan ya ce tarar gurɓata iska. Abin da ake nufi dai kuɗin da gwamnati ke karɓa kan kowane tan na iskar kabon mai ɗumama duniya da kamfani ya saki sama, kamar yadda Afirka ta Kudu ta fara a 2019 kan rand 120 duk tan. Mu ma dokar sauyin yanayi da Buhari ya sa wa hannu a 2021 ta ambace shi, kun ga gara mu shirya sunan tun yanzu.

— Malam ni dai a cire tara daga lissafi. Tara sai an yi laifi, irin wadda ake cin kamfanonin mai masu ƙona iskar gas a Neja Delta. Wannan kuwa ba ka karya doka ba, ka saki iskarka ka biya, in ka ga kuɗin ya yi ma yawa ka rage.

— Harajin hayaƙi ya fi daɗin faɗa gaskiya, kowa zai gane.

— Zai gane me Hajiya? Wlh ki faɗi haka a rediyo rabin masu saurare za su ɗauka taba sigari aka ƙara wa kuɗi. Kuma ita kabon ɗin ba a ganinta ma, kamfanin siminti ko ya tace baƙin hayaƙinsa tas tana nan tana fita, tunda daga jikin farar ƙasar da ake gasawa take fitowa.

— To jangalin iska kenan, can a ƙirga kan shanu nan a ƙirga tan 😂

— Harajin masana'antu fa?

— A'a yaya, a Sweden tun 1991 a kan man fetur da dizal aka ɗora shi, mai mota ma yana biya a gidan mai, kenan ba masu masana'anta kaɗai ba.

Na gode kowa. Ni dai na tsaya kan harajin iskar kabon, a ambaton farko a ƙara da mai ɗumama duniya, daga nan sai a riƙa cewa harajin kabon kawai. Mai jangali kuma ka rufa mana asiri kar makiyaya su ji.