Me za mu kira "anticoagulant" a shirin jarirai?

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a. Gobe da hantsi za mu naɗi shirin lafiya a rediyo, kan jariran da jini ke yi wa guda a jijiya. "Clot" dai na sa gudan jini. "Anticoagulant", wato maganin da ake ba su, shi ne ya tsaya min. Ku agaza.

Ɗan Kemis: Maganin tsinka jini. Haka kowa ke faɗa.

Anti Nas: Don Allah kar a sa wannan. Mai jego in ta ji "jini ya tsinke", zubar jinin haihuwa za ta tuna, ta goya ɗanta ta gudu. Kuma ba ruwa yake mai da jinin ba. Yawanci mai samun gudan bakwaini ne ko jaririn da aka zura wa siririyar roba ta cibiya don ba shi ruwa da magani, gudan ya taru a bakin robar. Shi maganin, wato hefarin, ko inoksafarin da ake yi a ƙarƙashin fata sau biyu a rana, girma kawai yake hana gudan, jiki ya cinye shi a hankali. Akan ɗauki sati 6 zuwa wata 3.

Ɗan Kemis: To, maganin narkar da guda.

Anti Nas: Wannan wani ne daban, altifilas. Ba a taɓa shi sai ƙafa ko ƙoda ko rai na cikin haɗari, don yakan jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Malam Na-Zaure: Hana-guda. Kalma ɗaya tak, ginin hana-salla da hana-ƙarya.

Ɗan Kemis: A hana guda a ba da biyu, Allah gafarta Malam?

Malam Na-Zaure: Ka ji halinku. Hefarin kun haɗiye ba musu, ta gida ce abin dariya.

Badamagare: Mu nan "antikowagilan" likitoci ke cewa. Kuma kullum Hausar Kano kuke yanke mana, sai ka ce mu ba ma kama tasharku.

Malam Na-Zaure: Faransanci ka kawo mana, ɗan'uwa, ba Hausar Damagaram ba.

Uwar Biyu: Jama'a, dare na yi. Zan ce "maganin hana daskarewar jini", in bi da bayanin Anti.

Anti Nas: Ya yi. Amma ki bambance da allurar bitamin K ta ranar haihuwa. Ita taimaka wa jini daskarewa take don kar jariri ya yi ta zubar jini, kar iyaye su ji shirin su ƙi ta.

Malam Na-Zaure: Kalma huɗu a gurbin ɗaya. Ki je da ita gobe, amma ni ban janye tawa ba.