Wane injin walda zan saya don gyaran tsatsar Golf ɗina?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum, masu sana'ar ƙarfe. Ina da Golf 3 wagon 'yar Kwatano, da ita nake lodin Kano zuwa Katsina. Injinta lafiya ƙalau, amma tsatsa ta cinye ƙasanta. Na ɗaga kafet ta gefen direba na danna sukudireba, sai ga bakinta ya leƙa waje. Haka ƙarfen ƙasan ƙofa da saman tayar baya. Makanike ya ce tun daga Turai ta taho da ciwon, wai gishirin da suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara ne. Duk shekara fanal bita sai ya shafe min wurin da bodi fila, damina na wucewa ya sake kumburowa. Na gaji, ina so in koyi gyaran da hannuna, kuma ban taɓa riƙe walda ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an nuna min ƙaramin injin inbata mai amfani da sandar walda, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, an rubuta 250A a jikinsa. Kuɗinsa daidai aljihuna. Mai shagon ya ce har jirgi zai ɗinke. In ɗauka?

Injiniya Panteka:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar wannan 250A ya ruɗe ka. Kai ba ƙarfin injin kake nema ba, iya sassautawarsa kake nema. Kwanon jikin mota kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, galibi 0.7 ne ko 0.8, tsatsa kuma ta ƙara sirantar da shi. Sandar 6013 mai geji 12, wadda ake haɗa get da tagogi da ita, kana ɗora ta a kan wannan kwano za ta huda shi. Ka zo toshe rami ɗaya ka tashi da uku. Gwani yana iya lallaɓawa da siririyar sanda, amma sabon hannu ba zai iya ba.

Abin da ya dace da aikinka MIG ne. Shi inji ne da waya ke fitowa da kanta daga bindigar waldar da ke hannunka, kai dai ka danna ka saki. In ka je saye duba abu biyu. Ya zama yana sauka zuwa amfiya 30 ko kusa da haka, sannan yana da bakin haɗa tukunyar gas, wanda ke kare ɗinkin daga iska. Mai 130A ko 140A ya ishe ka har ya yi yawa. Sa waya mai kaurin milimita 0.6 da gas ɗin CO2, shi ne mai araha. Wanda aka gauraya da iskar agon ya fi tsabtar ɗinki, sai dai tsada.

Masu araha sosai marasa gas ne, maganin da ke kare ɗinkin yana cikin wayar, mai kauri 0.8 ko 0.9. Suna aiki, amma sun fi zafi, ga tartsatsi, ga dattin da sai ka kankare bayan kowane ɗigo. Amfaninsu ɗaya, iska ba ta dame su ba. Mai gas kuwa in a fili kake aiki lokacin hunturu, iska za ta kwashe gas ɗin, ɗinkin ya fito duk ƙananan huji. Ni dai in da hali, sayi wanda yake yin duka biyun. Ka fara da maras gas, ranar da kuɗi suka samu ka ƙaro tukunya. Ka tuna in ka canza waya sai ka juya igiyoyin: bindiga a negatif wa maras gas, a fozitif wa mai gas.

Kuma ba a jan dogon layi a kwanon mota. Ɗigo a nan, ka tsallake kamar faɗin tafin hannu ka yi wani, ka bar shi ya huce, har ɗigon su haɗe. In ka manna fallen jan ƙarfe a bayan wurin, yana shanye zafi, walda kuma ba ta kama shi.

Baba Mai Kabaid:
Yaro, duk abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ina wutar? Mu da waldar harshen wuta ta iskar osijin da kabaid muka yi wa Fijo 504 ƙasa sabuwa tun ba a haife ka ba, ba ruwanmu da NEPA. Injin nan naku in wuta ta yi ƙasa sai ya dinga tari, ƙaramin janaretan kallon ƙwallo kuma ba zai ɗauke shi ba, sai kamar mai 5kVA. Ka lissafa wannan a cikin kuɗin. Ban ce ka sayi kabaid ba fa, tukunyarsa ba abin wasan ɗan koyo ba ce. Na ce dai ka je ka zauna gefen mai yi ka ga yadda yake yanke ruɓaɓɓen wuri har sai ya kai ga farin ƙarfe. Walda ba ta kama tsatsa. Kuma in ta kai inda ƙafar mota take ɗaure, wannan ba naka ba ne, fasinja kake ɗauka.

Ɗan Kurna:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Akwai babban janareta a garejin yayana, a can zan yi aikin. Ban da injin, me zan tanada?

Injiniya Panteka:
Giranda da faifan yanka da na gurza, hular walda mai duhu da kanta, safar hannu ta fata, da jan fenti na hana tsatsa da za ka shafa ciki da waje in ka gama. Tabarau na rana ba ya kare ido, cikin dare za ka ji kamar an zuba maka yashi. Kafin ka kunna, cire kan batir saboda biren bos, wato kwamfutar motar, ka maƙala igiyar asa, wato igiyar injin da ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da inda kake ɗinki a kan ƙarfe mai tsabta. Cire kujera da kafet, kankare kwaltar da ke manne a ƙasan, don tana kama wuta. Leƙa ƙarƙashi ka ga inda bututun fetur da na birki suka bi. A sa wani ya tsaya da abin kashe gobara. Sannan ka sayo tsohuwar ƙofar mota wajen 'yan gwangwan, ka yanyanka ta ka yi ta ɗinkewa, sai ka daina huda ta kafin ka taɓa Golf ɗin.