Yatsan Baba ya fara baƙi, likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe. Wa ya san aikin balan-balan?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya san abin nan, ko likita ko wanda ya taɓa irin wannan jinyar. Mahaifinmu ne, shekararsa 67, yana da ciwon suga kusan shekara 12 ga hawan jini, kuma ya daɗe yana shan sigari sai bara ya bari. Tun kafin azumi yake cewa in ya taka zuwa masallaci sharaɓarsa ta hagu ɗaurewa take yi, sai ya tsaya gindin dalbejiyar layinmu ya huta kamar minti biyu sannan ya wuce, mu kuma duk muka ɗauka girma ne kawai. Yanzu wata biyu kenan ko barcin kirki ba ya yi, da ya kwanta ƙafar za ta hau zugi sai ya sauko da ita ƙasa tana lilo, ƙarshe ma a kujera yake kwana. Ana cikin haka mai yankan farce ya ɗan ji masa ciwo a ƙaramin yatsa, abin bai kai ƙwayar gero ba wlh, amma ya ƙi warkewa, yanzu yatsan ya fara baƙi, in ka taɓa ƙafar sanyi ƙalau.

Jiya muka kai shi asibiti, likitan ya lalubi bayan ƙafar da wajen idon sawu ya ce bai ji bugun jini ba, a je a yi sikanin Dofla, wai ƙila a buɗe jijiyar da balan-balan, in kuma aka yi sake sai yankewa. Gida ya rabu biyu. Baffanmu ya ce taka wani abu Baba ya yi a gona a kawo mai magani, Hajiya kuma da ta ji kalmar yankewa kuka kawai take. Shin wannan balan-balan ɗin tiyata ce? Yana yi kuwa?

Maman Hanif:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni nas ce, kafin likitoci su zo ga abin da zan roƙe ka ƙanena: kar a gasa ƙafar nan da ruwan zafi, kar a kara ta da gawayi don an ji ta yi sanyi, mai suga ba ya jin zafi sosai a ƙafa sai ya ƙone bai sani ba. Kar wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wajen, kar a ɗaure da bandeji tamau. Addu'a da tofi a yi ta yi babu mai hanawa, amma sikanin nan a yi shi cikin satin nan, ba bayan an gama gwada na Baffa ba.

Dr. Na'ibi:
Malam Ɗan Fagge sannu da jinya. Ban ga Baba ba, don haka maganar likitansa ita ce gaba, amma yadda ka jero labarin nan tiryan-tiryan haka ciwon yake tafiya. Kitse ne da ƙashi-ƙashi ke taruwa a bangon jijiyar da ke kai jini ƙafa har hanyar ta tsuke, suga da sigari da hawan jini su ne manyan masu jawo shi. Da farko jinin yana isar mutum in yana zaune, sai ya yi tafiya nama ya nemi ƙari bai samu ba, shi ne ɗaurewar sharaɓar nan da ke saki in an tsaya. In abin ya yi nisa ko a kwance jinin ba ya isa, shi ya sa yake sauko da ƙafar ƙasa, nauyin jinin ne ke taimaka masa ya gangara yatsu. Zugin dare da rauni mai ƙin warkewa alama ce ƙafar tana cikin haɗari, ba matakin jira ba ne.

Gwajin farko mai sauƙi ne, a auna hawan jini a idon sawu a auna a hannu, a raba awon idon sawun da na hannun, in abin da ya fito ya gaza 0.9 akwai tsukewa. Sai dai ga masu suga jijiyar kan yi tauri ta ƙi matsuwa, awon ya fito sama da 1.4 kamar lafiya lau alhali ba haka ba ne, sai a auna a babban yatsa. Dofla kuma sikanin ne irin na masu ciki, ba allura ba zafi, yana nuna inda jinin ke gudu da inda ya tsaya. In za a yi aiki akan ƙara da siti sikan na jijiyoyi, a zuba wani ruwa a jini don hoton ya fito, to wannan ruwan yana iya taɓa ƙoda, dole a gwada ƙodarsa tukuna, kuma ku faɗa musu in yana shan maganin sugan nan metfomin don wani lokaci akan ce a dakata da shi kwana biyu.

Aikin kansa ba tsaga ake yi ba. Allurar kashe wuri ake yi a matsematsi, mutum idonsa biyu, a huda jijiya a zura wata waya siririya, likita na kallonta a allo har ta ratsa inda ya toshe, sai a bi bayanta da bututu mai ɗan balan-balan a baki a hura shi ya buɗe hanyar. In wajen ya ƙi tsayawa a buɗe sai a bar wata ƴar raga ta ƙarfe a ciki, ita ce sitent. Kuma ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kan mutane. Tun 1964 wani likita a Amurka, Charles Dotter, ya fara buɗe jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ta kuma taka da ƙafarta, balan-balan ɗin kuma Andreas Gruentzig ya fara aiki da shi a Zurich a 1974, a ƙafa ma aka fara kafin a kai ga zuciya a 1977.

Amma gaskiya guda biyu. Ba kowace toshewa ke buɗuwa da waya ba, in ta yi tsawo sosai akan yi tiyata a ciro wata jijiya daga ƙafar mutum a yi wa jinin kwana ya zagaye wajen. Sannan naman da ya riga ya mutu ba ya dawowa, ƙila yatsan nan a rasa shi, abin da ake fafutuka shi ne a tsira da ƙafar, don in jini bai isa ba ko an cire yatsan wajen ba zai warke ba, sai a yi ta hawa sama. Ku nemi a tura ku wajen likitan jijiyoyin jini a asibitin koyarwa. In kuwa ƙafar ta yi fari fat farat ɗaya ta mutu ya kasa motsa yatsu, ko zazzaɓi ya zo da wari da ruwa a raunin, ko tsakar dare ne ku tafi imajensi, nan lissafin awoyi ake yi.

Auwalu Mai Shadda:
Ɗan uwa mu mun ga wannan da idonmu. Gyatumarmu aka yi wa a Masar shekara uku da suka wuce, ita ma suga, nata gyambo ne a diddige. Ni na raka ta, ina zaune a waje ina ta salati ina jiran a fito da ita a sume, sai ga ta an turo tana tambayata ko na ci abinci. Ɗan filasta ne kawai a matsematsi, abin da ya fi damunta ma kwanciyar da aka sa ta yi a miƙe kusan awa shida kar ta lanƙwasa ƙafar saboda kar wajen hujin ya yi jini. Da daddare na kama ƙafar na ji ɗumi, wlh sai da na yi hawaye, ƙafar da wata huɗu kamar ka taɓa randa. Gyambon dai bai warke nan take ba, ya ɗau watanni ana wanki.

Kuskuren da muka yi shi nake so ku guje wa. Da ta ji sauƙi sai ta ajiye magungunan tsinka jini da na kitse wai sun yi mata yawa, mu ma muka yi sakaci, bayan shekara ɗaya da wani abu jijiyar ta sake tsukewa sai da aka maimaita. Magungunan tsinka jinin nan, asfirin da ɗan uwansa da likita zai rubuta, a sa mutum ɗaya a gida ya riƙe su ya dinga ba shi da hannunsa.

Sadiya Zariya:
Likita don Allah ni ma in tambaya, yayata ta haihu sati biyu kenan ta hanyar tiyata, ƙafarta ɗaya ta kumbura suntum daga gwiwa zuwa ƙasa tana ciwo, amma tata zafi take ba sanyi ba. Shi ne irin na Baban? Ana ta matsa mata da man zafi.

Dr. Na'ibi:
Malama Sadiya a daina matsar nan yanzu, a kai ta asibiti yau. Ba iri ɗaya ba ne, na Baba hanyar kai jini ce ta tsuke, nata kuma abin tsoron shi ne gudan jini ya daskare a jijiyar da ke dawo da jini sama, kuma mai jego da wanda aka yi wa tiyata sun fi shiga haɗarinsa. Gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Dofla ne zai nuna, maganin yawanci allura ko ƙwayar tsinka jini ce ta wata uku ko fiye, akwai wadda mai shayarwa za ta iya amfani da ita. In numfashi ya fara yi mata wuya ko ƙirji na suka kar a jira komai.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanif kin yi gaskiya, ashe Hajiya kullum da asuba tana gasa masa da tawul, na hana. Na karanta wa Baffa bayanin Likita kaf, ya yi shiru ya ce to a yi na asibitin shi zai ci gaba da rubutu, muka ce mun yarda. An yi Dofla ɗazu, sun ce toshewar a cinya take sama da gwiwa kaɗan, akwai kuma wata a ƙasa. Gobe da safe gwajin ƙoda, ranar Litinin za mu ga likitan jijiyoyin. Malam Auwalu don Allah duba inbos, ina so in ji yadda kuka yi da wankin gyambon a gida.